Ruwan da Bai Canza Launi Ba

Duk wanda ya daɗe a Legas ya san akwai wani ɗan tsakani a cikin damina da sama take ɗauke ruwanta. Hadari yana nan a rataye, iska tana da sanyi, amma ko ɗigo ba ya sauka. A bana wannan tsakani ya same ni zaune a barandar gidan ɗana a Agege, ina kallon jikokina suna buɗe famfo suna rufewa don wasa. Na tsawata musu fiye da yadda laifin ya kai, har surukata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ban yi mata bayani ba, domin bayanin yana da tsawo. Shi ne nake rubutawa a nan.

Ni mutumin ƙasar Zazzau ne. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, shi ya sa ni makarantar mishan bisa sharaɗin kada in bar salla, ban kuwa bari ba. A can aka koya mini abu biyu da bulala: in tsabtace farcena, kuma kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na yi aikin ɗakin awo na asibiti har na yi ritaya, ina duba jini da fitsari da bayan gida a madubin likita. Aikin ne ya kawo ni Legas, aure kuma ya zaunar da ni Agege, a wani lungu da ke bayan layin dogo. Mutanen lungun suna kirana Likita, ko da yake na gaji da gaya musu cewa ni ba likita ba ne.

Abin da zan faɗa ya faru ne a damina ta biyu bayan sojoji sun koma bariki. Lokaci ne na dogon buri. An ce mana mulkin farar hula zai kawo ruwan famfo da wuta, mu kuwa muna jira. Abin da ya fara zuwa shi ne ruwan sama, kuma ya zo ba da wasa ba. Ya kan wuni yana zuba, ya kwana, a wayi gari bai gaji ba. Kwatoci suka cika suka haɗe da hanya. Shaddodin gidaje suka tumbatsa, har mutum ba ya iya rarrabe taɓo da abin da ba taɓo ba sai da hanci. Mun ɗora gado a kan bulo. Takalmana na fata suka yi furfurar fumfuna, gishiri ya narke a cikin kwalba, ashana ta ƙi kamawa. Tufafi ba sa bushewa, sai dai a sa su da ɗanshinsu, jiki ya ƙarasa aikin rana.

Matata Rakiya haifaffiyar Agege ce, Yarbanci a bakinta kamar Hausa. Ita ke fara tashi. Sai ta zubar da kwanonin da ta tara a ƙarƙashin yoyon kwano, ta share ruwan da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, sannan ta tsaya gaban risho tana shawara da kanta: a dama koko, ko a bar kananzir ɗin don tuwon dare? Kananzir ya yi wuya a shekarar, sai mutum ya bi layi tun safe ya dawo da galan wayam. Gawayi ya jiƙe a hannun masu sayarwa. Motocin kaya daga Arewa suna maƙalewa a hanya, tumatir yana isowa kasuwar Mile 12 ya riga ya zama miya. Sau da yawa garin kwaki muka jiƙa da rana, muka ci da ƙuli, muka ce alhamdu lillahi.

Sai ruwan ya ɗauke. Taɓo ya fara bushewa yana tsagewa, wari ya tashi, ƙudaje suka yi yawa. Randunan da muka cika da ruwan sama suka ƙare. Famfon bakin titi kuwa ya daɗe da zama abin ɗaure akuya. Lungunmu gaba ɗaya ya koma kan abu guda, wato rijiyar masallaci.

Mahaifin limaminmu ne ya haƙa ta, wani falken goro daga Kano, ya bar ta sadaka mai gudana. Ruwanta garau ne, mai sanyi, mai daɗi a harshe. Zan faɗi wannan don gaskiya: ban taɓa shan ruwan rijiya mai daɗinsa ba. Da shi ake alwala, da shi ake girki, shi ne kuma Isuhu mai garuwa, wani dattijo mutumin Maraɗi, yake rarrabawa gida gida. Sai dai bayan katangar masallacin akwai gidan haya mai ɗakuna da yawa, shaddarsa kuma ta fi rijiyar tudu.

Liman Malam Ashiru abokina ne na kusa. Shi Bakano, ni Bazazzagi, saboda haka ba ma haɗuwa mu rabu ba tare da wani ya tsokani wani ba. Ya kan ce da ni, "Ɗan mishan, ko sallama aka yi maka sai ka kai ta ɗakin awo kafin ka amsa." Ni kuma in ce, "Allah gafarta Malam, ai Bakano ne ya koya mini, tun ranar da ya sayar mini da goro mai tsutsa." Mutum ne mai karatu, mai taushin murya, ba ya cin abin kowa.

Cutar amai da gudawa ta fara ne da gidansa. Matarsa Hajiya Kande ta kwanta da hantsi, kafin a yi shawarar asibiti ta zama kamar an matse ta, washegari ta cika. Sun yi zaman aure tun suna yara, ba shi da wata sai ita. Na gan shi da idona a bakin rijiya, ya hana kowa taɓa guga. Shi ya jawo ruwan wankanta da hannunsa, bokiti bayan bokiti, yana miƙa wa mata ta bakin ƙofa. Rakiya tana cikin waɗanda suka yi mata wanka.

Bayan ta sai wani tela, sai 'ya'yan mai shayi biyu, sai wata tsohuwa mai ƙosai. Makara ba ta bushewa. Na fara lura, kamar yadda aka horar da ni. Duk gidan da cutar ta shiga, garuwar Isuhu tana shiga. Yarabawan da ke ƙetaren layin dogo suna da tasu rijiyar, kuma ban ji kuka daga wajensu ba. Na dafa wata kwalba, na ɗebi ruwan rijiyarmu, na hau motar haya ta danfo zuwa Ikeja wurin wani da na koya wa aiki a da. Muka zuba ruwan cikin romon da ake renon ƙwayar cuta, muka bar shi ya kwana. Da muka duba, ban yi mamakin abin da muka gani ba.

Ina da wani tsohon madubin likita da na saya a gwanjo, irin mai karɓar hasken rana. Na ɗauke shi da ɗan romon nan, na sami Malam a zaurensa da hantsi. Na ɗiga a gilashi, na daidaita, na ce ya sa ido.

Ya daɗe yana kallo. Ƙwayoyin suna ta gilmawa kamar an watsa tsaki cikin kaji. Da ya ɗago sai ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci wannan, ya kuma ba shi abincinsa. Mene ne sunansa?"

"Shi ne kwalara, Malam. Daga rijiyarmu ya fito."

"Wannan ruwan rawaya ne. Ruwan rijiyarmu fari ne."

Na bayyana masa cewa a cikin rijiya ƙwayoyin a warwatse suke, sai an ba su abinci sun hayayyafa kafin ido ya same su.

"To," in ji shi, "ka ɗauki ruwana, ka kai shi Ikeja, ka yi masa miya, ya kwana a hannunka, sannan ka kawo mini shaida a kansa. Likita, ko a kotun Nasara alƙali zai karɓi wannan?"

Raina ya ɓaci, domin tambayar ba ta wauta ba ce. Na ce, "Shaidata tana maƙabarta. Shaddar gidan bayanmu tana tsiyaya cikin rijiyar nan. Najasa muke sha, da najasa muke alwala. Ka faɗa wa jama'a yau."

Fuskarsa ta sauya da jin kalmar. Ya sa aka kawo ruwan rijiyar a kofin gilashi, ya ɗaga shi saitin ƙofa.

"Dubi launinsa. Ya canza?"

"Bai canza ba."

Ya shinshina. "Ƙanshinsa fa?"

"Bai canza ba."

Ya kai baki zai kurɓa, na riƙe masa hannu. Ya dube ni, ya ce, "Kai ma ka san ɗanɗanonsa. Abu uku shari'a ta ba mu mu auna ruwa da su: launi, ɗanɗano, ƙanshi. Muddin ba su canza ba, ruwa mai tsarki ne, mai tsarkakewa. Ba ni na faɗa ba, haka na karanta, haka kai ma ka karanta kafin a kai ka wurin masu ƙararrawa. Allah bai ɗora wa bawa abin da idonsa ba ya gani ba."

Na ce to, a bar gardama, akwai magani. Zan samo garin kulorin a zuba a rijiyar, ya kashe kome. Ya tambaye ni ko shi ne farin garin nan mai warin asibiti. Na ce shi ne. Ya girgiza kai. A karatunsa, ruwan da wani abu ya shiga ya canza masa ƙanshi ya tashi daga ruwan alwala, ko da abin mai tsabta ne. Na zauna ina dubansa. Ruwan da ke kashe mu ya halatta a yi salla da shi, ruwan da zai cece mu bai halatta ba. Na san akwai malaman da suka sassauta a kan wannan, na kuma gaya masa. Ya ce ya sani, amma shi a kan abin da ya gada zai tsaya. Na naɗe madubina na fita ban yi sallama ba.

A gida na yi ta faɗa, ina cewa taurin kan Kanawa ne. Rakiya ta bari na gama, sannan ta ce, "Maigida, kai da ka iya ganin abin da ba a gani, wannan ya wuce ka? Da wane ruwa muka wanke Hajiya?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Liman ne ya jawo shi da hannunsa. In ya tashi gaban jama'a ya ce najasa ne, to ya ce ya kai matarsa kabari ba wanka. O ti tan, shi ke nan. Ba rijiyar ubansa yake karewa ba."

Na koma wurinsa bayan Azahar. Ban ambaci Hajiya ba, shi ma bai ambata ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, na janye kalmar najasa, wannan fagenka ne. Amma ruwan yana kisa, wannan kuma fagena ne. Guba ma tana iya zama mai tsarki." Ya daɗe yana jan carbi. Daga bisani ya ce in je, zai duba.

Ranar Juma'a bayan La'asar ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya ce ruwan rijiyar masallaci mai tsarki ne, duk sallar da aka yi da shi ta yi, duk mamacin da aka wanke da shi ya wanku, kada kowa ya yi shakka. Amma Likita ya gano cuta a cikinsa, addini kuwa ya hana mutum ya cutu ko ya cutar. Saboda haka daga yau an rufe ta. Aka yi ta gunaguni. Isuhu ya miƙe daga sahun baya ya ce, "Malam, ruwa mai tsarki kuma mai kisa? Wallahi mu a Maraɗi ba mu san wannan lisafi ba. To ni ina zan ɗebo?" Malam ya ce masa ya ƙetare layin dogo, ya yi sallama da ladabi. Aka kawo murfin katako da kwaɗo, Malam ya kulle, ya jefa makullin a aljihu.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi tsanani, amma ban taɓa ganin lungunmu ya haɗa kai kamar lokacin ba. Rakiya ta je ta roƙi matan Yarabawa da harshensu, suka buɗe mana rijiyarsu daga safe zuwa hantsi. Maza suka jera da bokitai suna miƙa wa juna a kan duwatsun layin dogo, ana dakatawa in jirgi ya taho. Mata suka tara ɗan gawayin da kowa ke da shi, aka ɗora tukunyar biki a tsakar gidanmu ana tafasa ruwan sha na kowa da kowa. Hayaƙin jiƙaƙƙen gawayi ya sa idanunmu ja. Ni kuma ina bi gida gida ina nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ina duba farcen masu girki, ana zagina a bayan ido ina ji. Ruwan alwala ya zama abin tattali, buta guda sai ta ishi mutum uku.

Sai dai akwai mutum ɗaya da bai shiga layin ba. Kafin kowace salla Malam Ashiru ya kan fito, ya buɗe kwaɗon, ya jefa guga, ya cika butarsa, ya mayar ya kulle. Sannan ya tsuguna a gaban kowa ya yi alwala a tsanake. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa a hanci. Ranar da na fara gani, sai da na ji kamar ƙasa ta motsa.

Na same shi na ce, "Malam, ka kawo butar in tafasa maka. Tafasa ba ta canza launi, ba ta canza ƙanshi."

"Gaskiya ne. Amma in na tafasa, me na gaya wa mutane?"

"To ka bar kurkurar baki. Sunna ce, alwala tana yi ba tare da ita ba."

Ya yi murmushi. "Ji Bazazzagi yana ba ni fatawa. Na ce musu ruwan mai tsarki ne. Liman ba ya faɗin abu da baki jikinsa ya ƙaryata. Na ba ka jama'a, Likita, dukansu. Ka bar mini buta ɗaya."

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na tura masa dattawa. Har na yi tunanin in fasa kwaɗon in zuba kulorin ba da saninsa ba, sai na ga hancinsa zai gaya masa, kuma ban saba yin abu a ɓoye ba. Saboda haka kullum ina sahun farko a bayansa, ina kallon ɗigon ruwan nan a gemunsa, ina ƙoƙarin tuna ko raka'a ta nawa muke.

Mutuwa ta ragu, sannan ta tsaya. Masu goyon bayana suka ce ga amfanin rufe rijiya. Wasu kuma suka ce a dubi Liman, kullum a cikinta yake, ko ciwon kai bai yi ba, ashe addu'a ce ta yi aiki. Har wasu suka fara neman a buɗe. Na san a ilmance cewa ba duk wanda ƙwayar ta shiga ne yake kwanciya ba. Na kuma sami kaina ina roƙon Allah a sujada ya sa Malam ya kasance cikinsu, ko da hakan zai mayar da ni maƙaryaci a idon lungu.

Ana gab da dawowar ruwan sama ya kwanta. Bai ƙi magani ba, wannan ina so a sani. Ya sha ruwan gishiri da sukari daga hannuna, ya yarda aka kai shi wani ƙaramin asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Gudawar ta tsaya, amma shekaru sun ja, ƙodarsa ta ƙi tashi. Da ya fahimci inda aka dosa sai ya ce a mayar da shi ɗakinsa.

Na shiga wurinsa wata rana bayan La'asar. Idanunsa sun faɗa, fatar hannunsa in an ja ba ta komawa. Ya sa aka ba mu wuri. Muryarsa ta dushe, sai da na sunkuya.

"Ɗan mishan, ka ci gardama."

"Ban zo gardama ba, Malam."

"Na sani." Ya huta. "Kai ba ka faɗin abin da ba ka tabbatar ba. Shi ya sa kai zan tambaya, ba almajiraina ba, su abin da nake so za su faɗa. Wankan Hajiya ya yi?"

Ashe duk tsawon kwanakin nan, mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya ce kada kowa ya yi shakka, abin da ya gani a gilashina bai bar shi ba. Ni na nuna masa. Ban yi nadamar nunawa ba, domin yaran da suka rayu a lungun nan yau iyaye ne. Amma ni na nuna masa.

Na ce, "Malam, madubina ba ya ganin wannan."

"Ba madubin na tambaya ba."

Na duba cikin duk abin da na sani. Na san abin da ke cikin ruwan, na san sunansa da siffarsa da yadda yake kisa. Na san abin da littafi ya ce, na kuma san shi ya fi ni saninsa. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya ba ni ikon amsa abin da yake tambaya. Yana kallona, yana jira, numfashinsa yana gajarta.

Na ce, "Ya yi, Malam. Ya yi."

Ya lumshe ido, ya ce, "Ka auna?"

Ban san ko tsokana ce irin tamu ta ƙarshe ba, ko kuwa da gaske yake tambaya. Bai sake magana da kowa ba har ya cika washegari da hantsi.